Ajiyar Matan Akokan a Cikin Ordinatar

Abin da zan faɗa ya faru ne shekara biyu bayan an rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan, ana saura 'yan watanni sojoji su karɓi mulki a Yamai. In wannan bai ishe ku lissafi ba, shekarar ce jar akuyar gidan nan ta haifi uku, kuma a cikinta haƙorina na gaba ya gamu da ƙashin raƙumi ya tafi bai dawo ba. An yi ƙaramar salla ke nan, zafi yana kan ganiyarsa, irin wanda ko ƙadangare sai ya ɗaga ƙafa ɗaya ya huta.

Ni ban taɓa shiga lakwal ba, makarantar boko ke nan, ko don fakewa ruwan sama, da yake ruwan ma bai cika zuwa garin nan ba. Ɗiyata ce ke rubutawa ina faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Sunanta ba zai fito daga bakina ba, ɗiyar fari ce. Na mijinta ma haka, suruki ne. Sauran kuwa in na kama sunan ɗaya sai na kama na kowa.

Daga Damagaram aka kawo ni a bayan kamyo, babbar motar kaya, lokacin gidajen ma'aikata suna warin sabon siminti. Mai gidana, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekara talatin yana sauka rami. Shi an san shi da aiki, ni kuma an san ni da ajiya. In iyali za su tafi konje, wato hutun shekara a gida, ni ake kawo wa makulli da adaka da 'yan kunnen zinariya a ƙulle cikin tsumma. Su yi wata biyu su dawo, su sami ƙullin yadda suka ƙulla shi. Ban da gona, ban da ilimin takarda, ban je Makka ba. Sunan nan shi ne dukiyata, kuma ban yarda wani ya ɗora masa ko ƙuda ba.

Da aka rufe ramin, gari ya watse. Kullum sai ka ga kamyo a ƙofar wani gida, ana ɗaure katifa a sama, an nufi Maradi ko Tawa ko Damagaram. Abin da mota ta ƙi ɗauka, gidana ake kawowa a nan Arlit, gidan ƙasa da mai gidana ya gina kafin ya rasu. Turame, fanteka, keken ɗinki, firigo biyu marasa rai, har da ƙyauren ƙarfe wanda mai shi ta ce ba za ta bar wa kowa ba. Ɗakina ya cika har sai na shiga a karkace.

Surukina ma aikinsa ya tafi da ramin. Da abin da aka sallame shi da shi ya sayi na'urar nan da mutanen Kano ke ce wa kwamfuta, mu nan ordinatar muke cewa, irin mai buɗewa kamar littafi, wadda wani ya riga ya mora. Zaurena yana kallon hanya, inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa, sai ya kafa tebur a ciki yana buga wa mutane takardun neman aiki da katin biki. Da wannan yake ciyar da ɗiyata da jikokina biyar.

Sai ku san yadda muke da shi. Shekara goma sha bakwai yana auren ɗiyata, bai taɓa ganin ina tauna ba, ni ma ban taɓa ganin cikin idonsa ba. In yana da magana sai ya gaya wa matarsa, ko da ina tsaye a wurin. In ba ta nan, sai ya fuskanci ƙyaure ya ce, "A gaya wa Inna an kawo wutar kuran." Ni ma in fuskanci ƙyauren in ce, "A ce masa an ji." Ƙyauren nan ya ji sirrin da limami bai ji ba.

To, wata rana wata maƙwabciyarmu da za ta koma Tawa ta zo ban kwana. Salularta ta tsage, tana tsoron kada ta mutu a hanya da hotunan aurar da ɗiyarta a ciki. Ta ce, "Yaya, da ana ajiyar hoto, da na bar miki." Na ce akwai abin da ba a ajiyewa a gidan nan? Na dubi ƙyaure na ce a tambayi mai shago ko na'urarsa tana karɓar baƙo. Ya ce, "To." Ya jona wata igiya, ya ce sun shiga.

Kafin mako ya zagayo labari ya cika unguwa, wai yanzu gidana har hoto da murya ana ajiyewa. Duk matar da za ta tafi sai ta biyo da salula. Ni in ce a zuba, shi ya ce to. Wata biyu, wata goma, shekara biyu, ban taɓa jin a'a ba. Ban tsaya na tuna cewa bakin suruki ba a yi shi da a'a ba.

Sannu a hankali na'urar ta fara kasala. Yakan kunna ta da safe, in dama koko, a sha, a wanke kwanoni, ita ba ta gama buɗe ido ba. In ya danna abu sai wani ɗan zobe ya fito yana juyawa, yana juyawa, kamar mazari ba auduga. A lokacin ana ta raɗe-raɗin za a ɗauki ma'aikata a sabon ramin Imouraren, tsofaffin 'yan rami suna zuwa a buga musu takarda. Mutum ya zauna a benci, ya ba da labarin ramin tun daga hawa na farko, ya yi gyangyaɗi, ya farka, sunansa ma bai gama fitowa ba. Wani ya ce masa, "Abokina, kafin takardar nan ta fito ai na isa yin ritaya karo na biyu." Ɗaya bayan ɗaya suka koma wani shago kusa da tasha.

Na tambayi ɗiyata me ke damun abin. Ta ce, "Inna, ya ce ta yi nauyi."

Da ya tafi masallaci na shiga na ɗaga ta. Ba ta kai tiya guda ta gero ba. Na ajiye, na sake ɗagawa da hannu ɗaya. Sai na zauna na yi tunani irin na manya. Nauyi ai iri biyu ne, akwai na kaya, akwai wanda yaro ke ji a gaban babba. Tunda ba na kaya ba ne, to nauyina take ji. Abin suruki ai suruki ne. Na kuma lura duk lokacin da na ratsa zauren zoben nan yana juyawa. Ban lura ba cewa in ban ratsa ba ma juyawa yake, don ba na nan balle in gani.

Saboda haka na daina bi ta zaure. Gidan kuwa ƙofarsa ɗaya ce. Kwana uku ina fita ta inda katanga ta rushe tsakanina da maƙwabta, ina tattare zane, ina tsallakawa cikin kajinsu, mace mai jikoki. Matar gidan ta ce, "Gwaggo, lafiya? Ko ana nemanki ne?" Na ce mata magani nake yi, ta bar tambaya.

Bai yi ba. Sai na ce to ciwo ne. Na ɗauko matashin kaina mai laushi na aika a ɗora ta a kai, na haɗa da zanen saƙi a riƙa lulluɓa mata baya. Surukina ya karɓa ya ce, "A yi wa Inna godiya." Daga ranar ta fara huci kamar kar ɗin ma'aikata, doguwar motar nan, a kan tudu, tana yi tana mutuwa da tsakar rana.

Ɗiyata ce ta gaji ta kirawo wani mutumin Abzin, dattijo mai baƙin rawani, wanda ya yi shekaru yana duba na'urorin ofishin kamfani kafin a sallame su. Hausarsa tana da kyau, sai dai a wurinsa duniya duka maza ne. Ya shigo, ya ga matashi, ya ga zane, ya tsaya.

"Wa ya yi masa wannan shimfiɗa?"

Surukina ya dubi rufi. Na ce daga bakin ƙofa, "Ni ce."

"Inna, kai ne? Ai shi ta gindi yake numfashi. Ka toshe masa hanci, ka rufe shi da bargo, a zafin Arlit."

Na ce, "Malam, haihuwata takwas. In ka ƙara ce mini kai, sai ka ciro rawanin nan in naɗa."

Ya ce, "Yi haƙuri, Inna, kai ka san Hausata a kasuwa na saye shi."

Ya janye matashin, ya sa murafen kwalba huɗu a ƙarƙashinta don iska ta ratsa. Hucin ya ragu. Ya buɗe wani jeri ya nuna mini, ya ce duk waɗannan da an kunna na'urar suke tashi, kowa sai ya zo ya gaishe ta kafin ta kama aiki. Na ce na san irinsu, masu zuwa gaisuwar safe su zauna har a sauke tukunya. Ya sallami fiye da rabinsu. Ya saki wani abu ya bi ta lungu-lungu yana neman wirus, wato ƙwayar cutarsu, ya kama biyu, ya ce ƙanana ne, ba su suka kwantar da ita ba. Ta ɗan motsa, amma zoben bai bar juyawa ba.

Sai ya danna wani wuri, wani dogon layi ya fito, ja wur, ya cika fal, saura ɗan fari kamar bakin farce. Ya ce cikinta ke nan. Ya ce kamar ɗaki ne, in ka cika shi har ƙofa, mai ɗakin ba shi da inda zai juya. Wannan ban nemi ƙarin bayani ba, na san yadda nake shiga nawa. Ya bi sawun abin da ya cika ta, ya tarar da dosiye guda, wato jakar da suke tara abu a ciki, ya karanta abin da aka rubuta a kanta da ƙarfi: "Ajiyar Inna."

Ɗiyata ta shiga gyara ɗankwali. Ashe sun daɗe da sani, ita da mijinta. Shi ya hana ta faɗa.

Mai rawani ya ce, "Aikin shago duka bai kai loma ɗaya ba. Sauran duk naka ne. A share, yanzu ya tashi da gudu."

Na ce, "Ba nawa ba ne. Da nawa ne da tuni an share. Na mutane ne."

Ya shiga buɗewa. Bukukuwa, sunaye, yara a kan raƙumi, maza da hular kwano a bakin rami. Can ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Akwai fim ɗin walimar ban kwana da matan unguwa suka yi kafin a watse, dogo, tun daga yankan albasa har wanke tukwane. Mata goma sha tara suka kawo shi, kowace daga salularta.

"Fim ɗaya ne, Inna. A bar ɗaya, a share goma sha takwas."

"Mata goma sha tara suka ba ni. In suka ba ni tukwane goma sha tara daga hannun maƙeri ɗaya, sai in fasa goma sha takwas in ce ai kamarsu ɗaya?"

"Tukunya daban. Wannan ko ka ba mutum ɗari, yana nan."

"To na wa za a bari? Zaɓi ɗaya, ka hau mota ka je ka gaya wa sauran nasu ne aka zubar."

Ya shafa gemu. Ya ce akwai wani rumbu na waje da ake jonawa, zai ɗauke duka, amma sai an aika Agadez, kuma kuɗinsa ya kai akuya da 'ya'yanta. Duka muka juya muka dubi jar akuyar a tsakar gida. Ita ma ta dube mu tana tuƙa. Na ce su kawar da ido, ita ma ajiya ce, ta wata mutuniyar Maradi.

Nan ne surukina ya yi gyaran murya. Ya fuskanci ƙyaure ya ce, "A gaya wa Inna, ko shagon zai rufe, ba za a taɓa ajiyarta ba. Zan nemi kabu-kabu in ja."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Mutum mai 'ya'ya biyar, gemu ya fara furfura, zai hau babur a ranar Arlit don kada a ce tsohuwa ta ci amana. Na koma ɗaki a karkace na zauna a kan adakar wata. In na ce a share, sunan da na yi shekara arba'in ina gini ya rushe a yini ɗaya. In na ce a bari, na ci amanar jikokina. Ina nan zaune sai na tuna abin da kowace mai ajiya ta sani: ajiya ba ta fita sai da bakin mai ita. To ai masu ita suna da baki, kuma suna da salula.

Na fito na ce wa ƙyaure, "A ce wa mai shago ya ba ni kwana huɗu."

Kwana huɗu ni da ɗiyata muna zaune a inuwar katanga, tana latsa lamba ina magana. Kowace sai mun gaisa, mun tambayi yara, mun yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu, kafin in zo kan batu. Kuma a nan na sha abin da ban zata ba.

Ta farko, ta Tawa ɗin nan da ta fara jawo mini, ta ce, "Wane hoto, Yaya?" Na tuna mata. Ta ce, "Au! Ai auren ma ya mutu bara. Share, har da angon."

Wata ta ce duk suna cikin sabuwar salularta, ɗanta ya zuba mata tun kafin su tashi, ta kawo mini ne don ta ga kowa na kawowa. Wata ta ce, "Fim ɗin walima? Wanda aka ɗauke ni ina cin nama da hannu biyu? Don Allah Gwaggo ki fara da nawa." Wata ba ta bar ni na gama ba ta ce ina turminta, kada dai a ce ana daka a ciki. Na ce turminki na nan ko tsinke bai shiga ba, ga shi har gizo-gizo ya yi aure a ciki.

Na ajiye salula na shiga lissafi. Na tsallake katanga cikin kaji, na kusa kashe abincin jikokina, ina gadin abin da masu shi suka manta sun ba ni. Ɗiyata ta fara murmushi, na ce in ta bari ya zama dariya za ta kwana a gidan mijinta ba da albarkata ba.

A rana ta uku muka sami mai akuyar. Kirista ce, muna zaune gida da gida a Akokan shekara ashirin, mijinta yana jan waƙa a 'yar majami'arsu, ya rasu kafin a rufe ramin. Na ce mata maganar ajiyarta ta cikin na'ura ce. Ta ce salular da ta kawo mini an sace ta a tashar Maradi. Ta ce a ciki akwai inda mijinta ke waƙa yana gyaran keke a tsakar gida, bai san ana ɗauka ba, kuma ba ta da muryarsa a ko'ina a duniya sai nan. Ta ce, "Yaya, yana nan?" Na ce, "Ƙanwata, wa kika ba?" Ta fashe da kuka, ni kuma na ce hayaƙin murhu ne ya shiga mini ido, ko da yake ba a hura wuta ba.

Da kwanakin suka cika, duk sun yafe sai huɗu: ita, da wata da ta ce a bar mata sunan jikanta, da wata da aka ce ta rasu, da wata da lambarta ba ta shiga. Mai rawani ya dawo da wani ɗan abu da suke ce wa kile, bai kai kwanson gyaɗa ba. Ya ce na mutum huɗun duk za su shiga nan. Na ce ƙarya ne, amanar mutum huɗu ba ta shiga kwanson gyaɗa. Ya zuba, ya zare, ya jona a tasa na'urar da ya zo da ita, sai ga mijin ƙanwata yana waƙa yana bugun taya. Na sa ya buɗe na sauran ukun ma, ɗaya-ɗaya, na gani da idona.

Ya miƙa hannu zai share sauran. Na ce ya dakata. Ni aka ba, ni zan sallama, kada a rubuta wa wani. Surukina ya tashi ya fita waje don in zauna a kujerarsa. Mai rawani ya nuna mini maɓallin, na yi bisimilla, na ambaci matan a zuciyata, na danna da ɗan yatsa kamar mai taɓa wuta.

Layin nan ja bai motsa ba.

Ya ce, "Yanzu sun tafi kwandon shara. Sai ka zubar da kwandon kuma."

Na ce, "Duk bisimillar nan da na yi, bakin ƙofa kawai na kai su?" Na sake dannawa, wannan karon da haushi. Jan ya janye kamar ruwa a rairayi.

Ba zan ce ta zama doki ba, tsohuwa ce, har yau takan yi tari. Amma washegari ta buɗe ido kafin koko ya tafasa, kuma mutumin farko da ya zo bai kai ga hawa na biyu na labarin ramin ba aka miƙa masa takardarsa. Ya fita yana gunaguni wai ba a bar mutum ya huta ba. Wasu daga masu zuwa tasha sun dawo, wasu ba su dawo ba. Na kuma kafa doka da bakina: mai son ajiyar hoto ta zo da kilenta. Nawa kuwa na kai wa baduku ya ɗinke shi cikin fata kamar laya. Bayan babbar salla ƙanin ƙanwata ya zo da kamyo, aka farke ɗinkin aka zuba masa nata, ya tafi da shi da akuyar da 'ya'yanta uku, da ɗaya da suka ƙara.

Cikin waɗanda suka ga wannan abu, mai rawani yana nan da ransa, ya koma Agadez wurin 'ya'yansa, in ya aiko gaisuwa har yanzu cewa yake a gai da Inna, yana lafiya? Matar gidan kaji ta rasu bara, Allah Ya jiƙanta. Ta Tawa tana nan, ta sake aurar da ɗiyar. Ƙanwata ta Maradi tana nan, ƙafa ce ke damunta. Ɗiyata da mijinta suna nan, ga ta tana rubutu tana cije leɓe. Wadda aka ce ta rasu, ɗanta ya zo ya karɓi nata. Mai lambar da ba ta shiga ce ban sani ba ko tana duniya. Gajeriya ce, Bafillatana, mijinta yana tuƙa kar ɗin ma'aikata. In wani ya san inda take, ya gaya mata nata yana cikin adakata, kuma ni ma ina nan.